Ƙwayar da Kaka Kafinta Ya Goge

4 ga Fabrairu

Zuwa ga jikata Sarkin Tambaya,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yaran nan biyu da har yau ban sa su a ido ba. Mu nan alhamdu lillahi. Tsohuwata, wato maiɗakina, tana gaishe ki, hawan jininta ya kwanta, bakinta ne dai bai kwanta ba.

Na san kina ta juya ambulan kina cewa wane ne kuma wannan. To ni ne kafintan nan, ɗan ƙanen baban kakarki, wanda kika zauna a shagonsa kina 'yar shekara shida kika tambaye shi ko ƙusa tana jin zafi. Ranar na laƙaba miki sunan nan. Kakarki ce ta ba ni adireshinki. Ta ce yanzu tambayar ce ma aikinki, wai a babban asibiti kike, kuna binciken yadda za a raba tsofaffi da ƙwayoyin ciwo masu kama mutum. Da waya zan kira ki, amma injin zarto ya cinye kunnuwana, in ana magana a waya sai in ji kamar ana zuba ruwa a bokiti. Hannu dai da sauransa, shi ya sa na ɗauki biro.

Ga abin da ke tafe da ni. Wata takwas ke nan da na faɗo daga tsani aka yi mini aiki a ƙugu. Aka ɗora ni a kan wata ƙwaya mai ƙarfi, ɗaya da safe ɗaya da yamma. Ta danne ciwon, ban raina mata ba, amma ta haɗa da ni ta danne. Kaina kullum kamar an cusa auduga. Watan jiya gyangyaɗi ya ɗauke ni a tsaye, inji yana juyawa, saura ƙiris yatsuna su tafi. Babban ɗana, wanda muke ce wa Injiniya, ya shigo ya gani. Ya kashe wuta, ya danna wa shagon kwaɗo, ya jefa makulli a aljihu. Ya ce muddin ina shan ƙwayar nan ba ni ba shago. Na yi faɗa na yi zagi, amma tsakani da Allah gaskiyarsa ce. Na gwada barinta kwana biyu, sai gumi, sai rawar jiki, sai cikina ya ɓaci, na ce ranar tafiya ce ta zo. Na koma mata.

Jikata, makullina nake so. Ki gaya mini yadda tsofaffinku suke rabuwa da abin nan.

Kakanki Kafinta

15 ga Fabrairu

Kaka,

Wa alaikumus salam. Wallahi sau uku na karanta takardarka, na yi dariya na yi ƙwalla. Muna lafiya, ƙaramin ne ke fama da mura amma da sauƙi. Ka gaishe mini da Kaka mace, ka ce ina goyon bayan bakinta. Kuma har yau ba ka ba ni amsar maganar ƙusar nan ba.

Da farko ka cire wa ranka cewa ka zama ɗan ƙwaya. Jiki ne ya saba, kuma jikin kowa yana iya sabawa. Abin da ya same ka da ka bari farat ɗaya shi ke samun kusan kowa, don haka kada ka sake gwada wannan.

Ni ba likita ba ce, ma'aikaciyar jinya ce da aka jawo cikin bincike. Tsofaffi ɗari biyu muke bi, duk irinka, masu ƙugu da gwiwa da baya. Likita da mai haɗa magani suna rage musu ƙwayar kaɗan-kaɗan, kamar kashi ɗaya cikin goma, a tsaya jiki ya saba, a ƙara ragewa. Sannu ba ta hana zuwa. A gefe guda ana koya musu motsa jiki, da gashi da ruwan ɗumi, da tafiya a ƙasa gwargwadon iko, don kada a cire abu a bar gurbinsa fayau. Aikina ni shi ne in zauna da su in ji yadda suke. Da yawa sun ce mini ciwon bai ƙaru yadda suka ji tsoro ba, kuma kansu ya washe.

Ka je wurin likitan da ya yi maka aiki ka ce kana son a tsara maka ragewa. Ga wani ɗan littafi na sa a ambulan. Kullum ka rubuta ƙarfin ciwon daga sifili zuwa goma, da lokacin da ka sha magani. Na san mutumin da ya kwashe shekara arba'in yana awo ba zai yi mini ha'inci a lamba ba.

Makullin nan zai dawo in sha Allah.

Jikarka

1 ga Maris

Sarkin Tambaya,

Gaisuwa da fatan murar yaro ta wuce. Mu nan sai godiya. Allah ya yi miki albarka, takardarki ta yi mini abin da allura ba ta yi ba. Maganar da kika yi cewa ni ba ɗan ƙwaya ba ne, na karanta wa tsohuwar da ƙarfi har maƙwabta sun ji.

Na je asibiti. Yarinyar da ke bakin taga ta duba kwamfuta ta ce likita sai bayan mako shida. Mako shida! Ni da nake ƙirga kwanaki ina kallon kwaɗo ta tagar ɗaki. Na dawo gida na zauna na sake karanta takardarki, sai na ce yo Allah na tuba, kashi ɗaya cikin goma ne kawai? Ai rage abu kaɗan shi ne sana'ata.

Na ɗauko ƙwayar na aza a kan tebur na auna. Tsawonta milimita goma cif, kamar don ni aka yi ta. A aljihun tsohuwar rigar aikina akwai guntun sanfefa mai laushi, irin wadda muke goge katako kafin fenti, Injiniya bai san da ita ba. Na yi alama da fensir, na goge milimita ɗaya daga kai. Sai na lura ma ashe fenti ne a bayanta, wani ja mai santsi, ciki kuwa fara ce. To kowane kafinta ya san fenti ba katako ba ne, ado ne. Na bi shi na goge tas don awon ya fita daidai.

Jikata, zo ki ga aiki! Na rage, amma ta fi da ƙarfi. Minti ashirin ciwon ya ɓace, na rubuta sifili a littafinki, abin da ban taɓa gani ba. Barci nake da rana kamar jinjiri. Abu ɗaya ne, tana saurin sakina, kafin la'asar ciwon ya dawo da fushinsa. Amma wannan ƙarami ne. Wannan makon na shiga milimita biyu.

Ki gaya wa likitocinku, abin da suke yi su goma da kwamfutoci a shekara guda, wani tsohon kurma ya yi shi a mako ɗaya da takardar goge katako. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. In suna son darasi su zo, ba zan kore su ba.

Kakanki

17 ga Maris

Jikata,

Sallama. Ina fatan lafiya ce ta ɓoye ki. Yau kwana goma sha shida da na aika miki takarda, shiru kake ji. Kullum sai na tura tsohuwar ta duba akwatin wasiƙu, har ta ce ko saurayi bai kai ni zumuɗi ba.

Na zauna na yi tunani, na gane laifina. Na yi wa aikinku ba'a. Ke kin yi karatu shekara da shekaru, kin ɗauki lokacinki kin amsa wa tsohon da ba ki gani ba tun kina yarinya, ni kuma na saka miki da rainin wayo. Bakina ne, haka yake tun ina saurayi, ya sha jawo mini. Ki yafe mini don Allah. Ba ni da wanda nake gaya wa maganar nan sai ke.

Jiki dai ga shi nan. Da yake ƙwayar tana saurin sakina, nakan ƙara ɗaya da rana, amma gogaggiya ce, in kin haɗa lissafi ban wuce ƙa'ida sosai ba. Tsohuwar ta fara ƙorafi, wai shekaranjiya ta yi ta girgiza ni a kujera ban tashi ba sai da ta yayyafa mini ruwa. Wai minsharina ya canza, ina ja in tsaya in daɗe kafin in sake ja, wai leɓena ya yi duhu. Na ce mata shekara hamsin tana ƙorafin ina minshari, yanzu kuma tana ƙorafin ina tsayawa. Ta ce za ta gaya wa Injiniya, na hana ta. In ya ji ai makullin ya ƙara nisa.

Ki yi haƙuri da rubutun, layin yana gudu mini. Ko layi biyu ne ki rubuto in san kin huce.

Kakanki

22 ga Maris

Kaka,

Injiniya zai kawo maka wannan har gadon asibiti, na aika masa ta waya ya buga a takarda. Ya ce ka farka, ka sha ruwa, har ka tambayi wanda ya haɗa gadon da kake kai don ƙafarsa ɗaya ta fi guntu. Da na ji haka na zauna a ƙasan ofis na yi kuka, abokan aikina suna kallona.

Ban yi fushi ba, Kaka. Wane irin fushi? An tura ni ƙananan asibitoci ne na mako uku ina ganawa da tsofaffinmu. Jiya da hantsi na dawo na tarar da takardunka biyu a akwatina, ɗaya a kan ɗaya. A tsaye na buɗe ta farko ina murmushi. Da na zo wurin fenti, murmushin ya ɓace. Da na buɗe ta biyu na ga maganar minshari, ban ma ƙarasa ba. Na kira kakata ta ba ni lambar Injiniya, na ce masa ya ajiye duk abin da ke hannunsa ya tafi gida yanzu-yanzu. Sauran shi ya gaya mini. Ya same ka a kujera bayan azahar, Kaka mace tana jijjiga ka tana kiran sunanka, numfashinka ɗaya-ɗaya. Ya saɓe ka ya sa a mota. Likitan da ya karɓe ka ya yi maka allurar da ke karya ƙarfin irin wannan magani.

Abin da ka goge ba ado ba ne. Ƙwayar nan an yi ta ne ta riƙa sakin magani a hankali cikin awa goma sha biyu, kuma wannan jan bayan yana cikin abin da ke riƙe shi. Da ka cire shi, maganin yini guda ya riƙa zubo maka a lokaci ɗaya. Shi ya sa ta fi ƙarfi, shi ya sa take saurin sakinka, shi ya sa ka ƙara ta uku. Irin wannan magani in ya yi yawa numfashi yake kwantarwa.

Kuma laifin nawa ne. Na rubuta maka kashi ɗaya cikin goma, ban rubuta maka yadda ake yi ba. Mu ba ma taɓa ƙwayar, wata ake ba mutum mai ƙaramin ƙarfi. A wurina abin a bayyane yake har ban ga dalilin faɗa ba. Na san kafinta nake rubuta wa, na ba shi awo na juya baya. Kai kake neman gafarata a kan wasa, ni ce ya kamata in durƙusa.

Don girman Allah kada ka sake taɓa ƙwaya da komai sai ruwa.

Jikarka

6 ga Afrilu

Sarkin Tambaya,

Assalamu alaikum daga gida, daga kan kujerar da ta kusa zama makarata. Lafiya lau, sai ɗan rashin ƙarfi. Tsohuwar tana gaishe ki, ta ce in ta gan ki sai ta goya ki ko bayanta zai karye.

Ki tashi daga durƙuson nan, ba na so. Kin ce in je wurin likita, na je, aka ce in jira, ni ne na ƙi jira. Rashin sani ya fi dare duhu, amma nawa har da taurin kai a ciki. Rimin da na yi miki gori da shi, ashe ke ce a sama ni ina gindi ina surutu. Da ba ki buɗe takardar nan a tsaye ba, da kin ce bari ki sha shayi tukuna, da yanzu wani zancen ake. Na gode. Ban iya doguwar godiya ba, amma Allah ya san abin da ke raina.

Wani abin dariya, likitan da aka ce sai bayan mako shida, ga shi a kaina washegari da sassafe. Na ce masa ashe gajeriyar hanyar ganinka ke nan. Bai yi dariya ba. Ya sa aka kawo masa ƙwayar da na goge, ya juya ta a tafin hannu, ya ce bai taɓa ganin ɓarna mai kyan aiki irin wannan ba. Na ce na gode, ya ce ba yabo ba ne.

Yanzu an tsara mini. Mai haɗa magani yana ba ni na mako ɗaya kawai, tsohuwar ce ke riƙe da shi a jakarta, kuma kin san wannan jakar ko ɓarawo ba ya shigarta. Sun ba ta wani maganin feshi na hanci, sun koya mata yadda za ta yi in ta sake ganina haka. Wata yarinya mai koyar da motsa jiki tana sa ni in tashi daga kujera in zauna sau goma. Ni da na hau rufin gidaje! Amma ina yi. A littafinki yau na rubuta biyar, jiya shida, ba ƙari ba ragi.

Injiniya bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya zauna a bakin gado ya riƙe hannuna kawai. Ban tambaye shi makulli ba, ba ni da bakin tambaya.

Kakanki

2 ga Mayu

Kaka,

Gaisuwa mai yawa. Duk muna lafiya, yara sun zana maka hoton tsoho riƙe da guduma, na sa a ciki. Biyar da shida ɗin nan sun fi mini sifilin da ka rubuta a baya daɗi nesa ba kusa ba.

Yau ni ce da godiya. Na nemi izininka ta bakin Injiniya, na ba shugabar bincikenmu labarinka ba tare da suna ba. Nan take ta ce a ɗauko takardar tambayoyinmu. Tambaya sittin da huɗu, Kaka. Muna tambayar ko mutum ya sha, ƙarfe nawa, guda nawa, ko ya ba wani. Babu ko ɗaya da ta ce yaya kake shan ta. Muka ƙara wannan, muka koma kan tsofaffinmu ɗaya bayan ɗaya.

Mutum goma sha bakwai. Akwai tsohon tela da ke raba ta biyu da almakashi don ya gaji da jiran a rage masa. Akwai wata baiwar Allah da ba ta iya haɗiya, 'yarta ke murƙushe mata da cokali a zuba a shayi, kuma saboda ƙauna take yi. Ba wanda ya ɓoye mana, mu ne ba mu tambaya ba. Duk an gan su an gyara musu. Yanzu a saman takardar da muke ba kowa akwai layi da manyan baƙaƙe: kada a yanka, kada a niƙa, kada a tauna, kada a goge. Wani likita ya ce wa zai goge ƙwaya, a cire wannan. Na ce a bar shi, na san mutum ɗaya.

Kada ka yi gaggawa a matakin ƙarshe, shi ya fi wuya. In an ce a tsaya mako biyu, ka tsaya.

Jikarka

19 ga Agusta

Jikata,

Sallama da fatan alheri. Gajeriya ce yau, hannuna ya gaji, kuma za ki ji dalili. Mako uku ke nan rabona da ƙwayar. Sau biyu aka tsaya da ragewar, na tsaya, ki shaida. Ciwon yana nan, uku zuwa huɗu, ran da aka yi ruwa ya kai shida. Mun saba, yana gefensa ina gefena.

Ranar Asabar Injiniya ya zo ya ajiye makulli kusa da kofin shayina, ya fita wai zai duba tayar motarsa. Inji dai an yi yarjejeniya sai yana nan. Aikin hannu kuwa awa ɗaya a rana. Na gode, jikata. Allah ya ba ki masu yi miki abin da kika yi mini. Tsohuwar ta ce in bar mata wuri a ƙasa, ban san me za ta rubuta ba, kada ki yarda da rabinsa.

Kakanki Kafinta

'Yata, ni ce. Rubutuna ba shi da kyau, ki yi haƙuri. Shi makulli ya dame shi, ni ba shi ne damuwata ba. Fiye da shekara ina zaune da mutumin da in na sa gishiri ya yi yawa ya ci, in ban sa ba ya ci, in na yi magana ya kalle ni ya ce to. Mijina bai taɓa ce mini to ba tun da aka kawo ni gidan nan. Na riga na yi kukan rashinsa yana zaune a gabana, ban gaya wa kowa ba.

Jiya ya shigo kicin ya ga na ɗaure ƙafar teburina da igiya. Ya tambayi tun yaushe, na ce tun bara. Sai ya hau faɗa, wai ni matar kafinta ce zan kunyata shi a unguwa, wai igiya ta akuya ce ba ta tebur ba. Ya yi ta yi har maƙwabciya ta leƙo ta taga. Ni kuwa na juya masa baya ina wanke tukunyar da na riga na wanke, don kada ya ga fuskata ya daina.

Allah ya yi miki albarka, 'yata. Ki kawo mana yaran.